Farmasi ko Farmakoloji: Wace Hanya Ce Ta Dace da Ɗalibin Arewacin Kamaru?

Duk shekara, da zarar sakamakon bakaloriya, wato jarrabawar kammala sakandare, ya fito, sai in fara jin sallamar iyaye da ɗalibai a ƙofar gidana a nan Garwa, domin na daɗe ina koyar da kimiyyar halittu a lise, kuma ana kyautata mini zaton na san hanyoyin jami'a. Tambayar da ta fi yawa ita ce: "Malam, yaron nan karatun magani yake so, ina za mu kai shi?" Kafin in ba uban amsa, nakan juya ga yaron in tambaye shi wane karatun magani yake nufi, saboda akwai fannoni biyu da sunayensu suka yi kama, amma inda suke kai mutum ya sha bamban, kuma rashin rarrabe su ya sa ɗalibai da yawa sun yi asarar shekaru.

Na farko shi ne farmasi, wato ilimin harhaɗa magunguna da adana su da bayar da su ga majiyyaci. Wannan sana'a ce da doka ta tsare, kamar aikin likita. Na biyu shi ne farmakoloji, wato binciken abin da magani ke yi wa jiki da abin da jiki ke yi wa magani: yadda ƙwaya ke narkewa ta shiga jini, yadda take yaɗuwa, yadda hanta ke sarrafa ta, da yadda ƙoda ke fitar da ita. Wannan ilimin ne ke bayyana dalilin da ya sa ake hana baligi wuce giram 4 na farasitamol a rana, domin abin da ya haura haka yana iya lalata hanta, kuma shi ne ke bayyana yadda tiramol, wanda ya addabi samarinmu masu tuƙa babur, ke jefa mai yawan shansa cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Ɗalibin farmasi yana karanta farmakoloji a matsayin ɗaya daga cikin darussansa, amma wanda ya karanci farmakoloji kaɗai bai zama ma'aikacin farmasi ba.

Ina jaddada wannan ne saboda wani tsohon ɗalibina, yaro mai hazaƙa, wanda ya yi shekara biyar yana karatun kimiyya har ya kammala mastar a kan itatuwan magani, alhali mahaifinsa yana ta tara kuɗin buɗe masa kantin magani. Sai da suka je neman izini suka ji cewa takardarsa ba ta ba shi wannan ikon ba. Babu wanda ya yaudare su. Ba su yi tambayar da ta dace ba tun ranar farko, kuma ni ma da na koyar da shi ban zaunar da shi na yi masa bayani ba, abin da har yau yake damuna.

Ma'aunan da za a yi amfani da su

Hanyoyi uku ne suka fi buɗuwa ga ɗalibin da ya tashi a Garwa, Marwa, Ngaundere ko Kusiri: karatun farmasi a cikin Kamaru, karatun farmakoloji ta tsangayar kimiyya, da karatun farmasi a Najeriya. Zan auna kowace da abubuwa biyar. Na farko, wane iko takardar ke ba mai ita. Na biyu, yaya wahalar shiga take. Na uku, nawa za a kashe, kuma shekara nawa za a yi ana kashewa, domin iyali na iya ɗaukar nauyin shekara guda mai tsada amma su kasa ɗaukar shekara bakwai masu matsakaicin kuɗi. Na huɗu, ƙarkon takardar, wato ko za ta ci gaba da ciyar da mai ita bayan shekara ashirin. Na biyar, haɗarin da zai iya katse karatun a tsakiya.

Hanya ta farko: farmasi a cikin Kamaru

Wannan ita ce hanyar da ke kai mutum kai tsaye ga abin da yawancin iyaye ke nufi idan sun ce karatun magani. Ana yin shekara 7, a rubuta kundin bincike, a fita da digirin dakta a farmasi. Daga nan sai mutum ya yi rajista da ƙungiyar masu sana'ar farmasi ta ƙasa, wadda ba a yin aikin sai da sunan mutum a cikin littafinta, kamar yadda dokar 1990 da ta tsara sana'ar ta tanada. Mai wannan takarda shi ne ke da ikon riƙe kantin magani, ko shugabantar ɗakin magani na asibiti, ko aiki a CENAME, cibiyar da ke sayo wa asibitocin gwamnati magunguna, ko a LANACOME, ɗakin gwajin da ke tantance ingancinsu, ko a manyan kamfanonin dillancin magani irin su Laborex da Ubipharm.

Ana koyar da farmasi a tsangayar likitanci ta Jami'ar Yawunde ta Ɗaya, wadda asalinta cibiyar koyar da aikin lafiya ce da aka kafa a 1969, da kuma tsangayar likitanci da harhaɗa magunguna ta Jami'ar Duwala. Akwai irin wannan tsangaya a Dschang, sannan a ɓangaren masu zaman kansu akwai Université des Montagnes da ke Bangangte. Duk waɗannan a kudu suke, don haka ɗan arewa ya san cewa zai bar gida na tsawon lokaci.

Ƙofar shiga ita ce wurin da aka fi shan wahala. Tun 2013 gwamnati ta haɗa shiga karatun likitanci da farmasi da aikin haƙori a ƙarƙashin konkur, wato jarrabawar gasar shiga, guda ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, kuma ko mai niyyar zuwa makarantar kuɗi sai ya bi ta cikinta. Masu zama suna da yawa ƙwarai, kujeru kuwa kaɗan ne, kuma kason farmasi bai kai na likitanci ba. Ana neman mai bakaloriya ta kimiyya, wato C ko D, ko makamanciyarta a tsarin Turancin Ingilishi. Shawarata ga ɗalibi ita ce ya samo sanarwar da ma'aikatar ilimi mai zurfi ke fitarwa a shekarar da zai zauna, ya karanta sharuɗɗanta da idonsa, musamman abin da ya shafi shekarun haihuwa da takardun da ake haɗawa, kada ya dogara da abin da yayansa ya tarar shekara uku da suka wuce. Kuma ya fara shiri tun yana ajin ƙarshe, domin abin da ke kayar da ɗalibanmu galibi shi ne kimiyyar sinadarai da fizik, ba kimiyyar halittu da suke ƙauna ba.

Ta fuskar kuɗi, jami'ar gwamnati tana da sauƙi: kuɗin rajista sefa 50,000 ne a shekara, kamar yadda yake tun gyaran tsarin jami'o'i na 1993, wato 350,000 ke nan a shekara bakwai. Amma wannan shi ne ƙaramin kaso na abin da za a kashe. Babban nauyin shi ne hayar ɗaki a Yawunde ko Duwala, da abinci, da kuɗin mota zuwa asibitocin da ake koyon aiki, da littattafai, da kuɗin buga kundin ƙarshe, da tafiya gida lokacin hutu, wadda ga ɗan Marwa ke nufin doguwar tafiyar mota zuwa Ngaundere sannan kwana a jirgin ƙasa. Wanda ke da dangi a unguwar Briketeri a Yawunde ko New Bell a Duwala ya rage rabin damuwa, kuma ga ɗiya mace wannan shi ne abin da sau da yawa ke sa iyaye su yarda ko su ƙi. Makarantar kuɗi kuwa lissafinta na miliyan ne a kowace shekara, kuma bai kamata uba ya fara ba sai ya tabbata zai iya kai wa ƙarshe, domin wanda ya tsaya a aji huɗu ba ya fita da takardar da za ta ba shi ikon aikin.

A wajen ƙarko babu hanyar da ta kai wannan. Kantunan magani masu izini sun taru ne a Yawunde da Duwala, yayin da garuruwanmu da yawa suka dogara da masu tallar magani a kasuwa, a kan tebur, cikin zafin rana da ke lalata ƙwaya tun kafin wa'adinta ya cika. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci, kuma a 2023 ta fitar da gargaɗi a kan wani maganin tari na yara mai suna Naturcold da aka samu a Kamaru ɗauke da sinadari mai guba. Yankin da ke cikin wannan hali zai daɗe yana buƙatar ƙwararru. Sai dai kada a ɗauka cewa ranar da aka karɓi takarda ranar ake buɗe kanti. Ana buƙatar izinin ma'aikatar lafiya da jari mai kauri, kuma yawancin sababbin ƙwararru suna fara aiki ne a ƙarƙashin wani na wasu shekaru.

Haɗarinta biyu ne: faɗuwa konkur a ɓata shekara ana jiran wata, da kuma karyewar mai ɗaukar nauyi a tsakiyar tafiya.

Hanya ta biyu: farmakoloji ta tsangayar kimiyya

Wannan ita ce hanyar da ta fi kusa da gida kuma ta fi sauƙin shiga. Ɗalibi zai yi rajista a tsangayar kimiyya ta Jami'ar Ngaundere, wadda ke Dang kuma ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, ko ta Jami'ar Marwa da aka kafa a 2008, ya karanci kimiyyar halittu ko wani fanni makusancinta. Tsarin karatun shi ne shekara 3 na lisans, wato digirin farko, 2 na mastar, sannan aƙalla 3 na doktora. Abin da ya kamata a fahimta shi ne cewa a shekarun lisans ɗalibi ba zai ga farmakoloji sosai ba. Zai yi ta karatun tsirrai da dabbobi da sinadaran jiki da yadda gaɓoɓi ke aiki, sai a matakin mastar ne zai shiga ɗakin gwaji ya fara auna tasirin magani.

A nan ne zuciyata ta fi karkata, kuma ba zan ɓoye ba. Muna zaune a cikin daji mai cike da itatuwan da kakanninmu suka yi magani da su: sabara, maɗaci, marke, bagaruwa, darbejiya. Wasu suna da amfani na gaske, wasu suna cutar da hanta ko ƙoda idan aka yawaita, kuma ba a rarrabe su sai ta gwaji. Kinin da aka daɗe ana maganin zazzaɓin cizon sauro da shi daga ɓawon wata itaciya ta Kudancin Amurka aka samo shi, haka kuma sinadarin artemisinin da ke cikin magungunan zazzaɓin da muke sha yau daga wani ganye aka ciro shi a ƙasar Sin, aikin da ya sa aka ba Tu Youyou kyautar Nobel a 2015. Irin wannan bincike ana yinsa a yankinmu: Farfesa Elisabeth Ngo Bum ta yi suna da nazarin da ta gudanar a Ngaundere a kan tsirran da ake amfani da su wajen maganin farfaɗiya. Ɗalibin da ke jin Hausa da Fulatanci, wanda zai iya zama da mai maganin gargajiya ya fahimci yadda yake jiƙa sassaƙe da yawan abin da yake bayarwa, yana da wata dama da baƙon mai bincike ba shi da ita.

Kuɗin rajista shi ne dai sefa 50,000 a shekarun farko, rayuwa a Dang ko Marwa ta fi ta Duwala araha nesa ba kusa ba, kuma ana iya aiko wa yaro da gero da masara daga gida. Tsadar tana zuwa ne a matakin bincike, inda sau da yawa ɗalibi ke sayen sinadaran gwaji da ɓerayen gwaji da abincinsu daga aljihunsa.

Rauninta yana wajen aiki. Lisans kaɗai a wannan fanni ba ta buɗe wata ƙofa takamaimai, kuma wanda ya tsaya a nan yakan koma koyarwa a makarantu masu zaman kansu ko ya zama wakilin kamfanin magani mai zagaya asibitoci. Mai mastar ya ɗan fi shi dama. Wanda ya kai doktora shi ne ke iya neman koyarwa a jami'a, ko aiki a IMPM, cibiyar binciken lafiya da itatuwan magani da ke Yawunde, ko a wurare irin su Cibiyar Pasteur mai reshe a nan Garwa. Buɗe Jami'ar Garwa a 2022, da tsangayar likitancin da ke cikinta, ya ƙara buƙatar malaman da za su koyar da wannan ilimi, amma guraben ba su da yawa, kuma ana iya jira. Saboda haka shekara takwas ce mafi ƙarancin abin da mai wannan hanya zai sa a ransa, kuma ko bayan su ba shi da ikon riƙe kantin magani.

Hanya ta uku: farmasi a Najeriya

Iyalai da yawa a nan suna da dangi a Yola, Mubi, Maiduguri, Kano ko Zariya, don haka tunanin tsallaka iyaka ba baƙon abu ba ne. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da ɗaya daga cikin tsofaffin tsangayoyin farmasi na ƙasar, kuma ana koyar da shi a Jami'ar Bayero ta Kano, da ta Maiduguri, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Jos. Tsohon tsarin digirin shekara 5 ne, sabon tsarin digirin dakta kuwa shekara 6, sannan a yi shekara guda ta koyon aiki kafin cikakkiyar rajista. Shiga tana bi ta hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga jami'a, ana neman sakamako mai kyau a Turanci da lissafi da darussan kimiyya uku, kuma farmasi na cikin fannonin da aka fi rububi a can ma.

Fa'idarta ita ce yaro zai zauna cikin mutanen da yake jin harshensu, abinci da addini duk irin na gida, kuma tun faɗuwar darajar naira daga 2023 mai riƙe da sefa ya sami sauƙin hidimar yau da kullum, ko da yake baƙon ɗalibi yana biyan kuɗin makaranta fiye da ɗan ƙasa. Amma jin Hausa a kasuwa ba ya maye gurbin Turanci a aji. Wanda ya yi duk karatunsa da Faransanci zai buƙaci aƙalla wasu watanni na koyon Turanci da gaske kafin ya iya bin lacca a kan sinadarai.

Haɗarin wannan hanya ya fi na sauran. Yajin aikin malaman jami'o'in gwamnati ya rufe azuzuwa kusan wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, don haka shekara biyar a takarda tana iya zama bakwai a zahiri. Hanyar Marwa zuwa Maiduguri ta daɗe tana fama da matsalar tsaro. Abin da aka fi mantawa kuwa shi ne dawowa: takardar waje sai ta bi ta kwamitin ma'aikatar ilimi mai zurfi da ke tantance karatun da aka yi a ƙetare, a ba ta matsayin da ya yi daidai da na gida, kafin a je ga ƙungiyar masu sana'ar. Wannan yana cin lokaci, kuma ya kamata uba ya je ya tambayi matsayin digirin da ɗansa zai karanta tun kafin ya biya kuɗin shekarar farko.

| Ma'auni | Farmasi a Kamaru | Farmakoloji ta tsangayar kimiyya | Farmasi a Najeriya |
|---|---|---|---|
| Tsawon karatu | Shekara 7 | 3, sai 2, sai aƙalla 3 | 5 ko 6, da shekarar koyon aiki |
| Shiga | Konkur ta ƙasa, mai tsanani | Da sauƙi ga mai bakaloriyar kimiyya | JAMB da ƙwarewa a Turanci |
| Kuɗi | Rajista 50,000 a jami'ar gwamnati, rayuwa da tsada | Rajista 50,000 a farko, rayuwa da sauƙi | Kuɗin baƙon ɗalibi, rayuwa matsakaiciya |
| Ikon riƙe kantin magani | Akwai, bayan rajista da izini | Babu | Sai bayan tantance takarda |
| Ƙarko | Mai ƙarfi | Sai an kai doktora | Mai ƙarfi idan an tantance |
| Babban haɗari | Faɗuwa konkur, karyewar jari | Rashin aiki a matakin lisans | Yajin aiki, tsaro, jinkirin tantancewa |

Wace ta dace da wa

Ɗalibin da burinsa ya tsaya a bayan kanta yana karanta takardar likita, yana yi wa tsohuwa bayanin yadda za ta sha maganin hawan jini da harshen da take ji, hanya ta farko ce tasa, kuma kada ya bari kusancin gida ya ja shi zuwa ta biyu. Idan ya faɗi konkur a karon farko, abin da nake ba da shawara shi ne ya yi rajista a tsangayar kimiyya a Ngaundere ko Marwa, ya yi shekara guda yana ƙarfafa sinadarai da fizik, sannan ya sake zama. Ta haka shekarar ba ta tafi a banza ba, kuma idan bai samu ba a karo na biyu yana da abin da zai ci gaba da shi.

Wanda tun yana lise yake tambayar dalilin kowane abu, wanda zai iya yini a ɗakin gwaji yana maimaita awo ɗaya ba tare da ya gaji ba, kuma iyalinsa ba su matsu ya fara kawo kuɗi da wuri ba, shi ya dace da farmakoloji, da sharaɗin ya ƙudurta kai wa doktora tun daga farko, ya kuma koyi Turanci, domin da shi ake buga yawancin sakamakon bincike. Idan irin wannan ɗalibi ya ci konkur, ina ganin gara ya karanci farmasi tukuna sannan ya ƙware a farmakoloji daga baya, saboda zai haɗa ikon sana'a da ilimin bincike, abin da ba ya samuwa idan aka fara ta ɗaya ɓangaren.

Najeriya ta dace da wanda ya yi karatu a tsarin Turanci, ko yake da kawu ko gwaggo da za su riƙe shi a Zariya ko Kano, musamman idan akwai yiwuwar a can zai zauna ya yi aiki. Ga wanda ke da niyyar dawowa ya buɗe kanti a Gidar ko Mokolo, sai ya ƙara lokacin tantance takarda a cikin lissafinsa.

Akwai kuma ɗalibin da shi ne babba a gida, ƙannensa na jiransa, kuma shekara bakwai ta yi masa nisa. Irin wannan ya duba makarantun horar da ma'aikatan lafiya da ke ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, inda ake yin kimanin shekara uku a fito a matsayin mataimaki a ɗakin magani ko ɗakin gwaji. Zai yi aiki ne a ƙarƙashin mai digirin farmasi, ba shi da ikon riƙe kanti da sunansa, amma zai fara samun albashi shekara huɗu kafin abokinsa da ya tafi Duwala ya kammala.